Sobiyar da Ban Ɗanɗana Ba

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sauke ki Kano lafiya, ya tsare ki a sama da ƙasa, ya haɗa ki da mutanen kirki a gidan Gwaggonki da can jami'a. Na ce wa Ummanki ta sa miki wannan takarda a jakar hannu, ba cikin akwati ba, don ki karanta ta a jirgi, inda babu ƙofar da za ki bugo ki bar ni ina magana. Da gangan kuma na rubuta da Hausa. Na san da Larabci ne minti biyar ya ishe ki ki shanye ta kamar takardar likita, amma Hausa za ta sa ki tafi a hankali.

Kin san dalilin rubutun. Shekaranjiya na ga takardarki a kan teburin cin abinci. Kin kwafe haɗin sobiyarmu ta gida, abin shan nan na jiƙaƙƙen sha'ir, daga tsohon littafina, na lita goma, kin ninka komai sau goma sha biyar: sha'ir, sukari, hel ɗin da ake sawa a gahawa, kirfa, citta, har kimba. A ƙasa kin rubuta duro ɗaya, lita ɗari da hamsin. Ummanki ce ta gaya mini kin yi wa Gwaggonki alkawari ta waya, cewa Juma'ar farko ta azumi ke za ki shayar da masallacin layinsu sobiyar Madina. Na ɗaga miki murya, abin da ban saba ba. Kika dube ni kika ce, "Baba, hada hisab basit," wai lissafi ne mai sauƙi, kika shige ɗaki. Ban ga laifinki ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ni ma da wannan bakin na yi magana ina da shekara talatin da biyu.

To bari in faɗa miki abin da nake tsoro ƙarara. Ina tsoron duron nan ya juye ya zama giya a hannunki, ki zuba wa masu azumi su buɗe baki da shi. Ba hasashe nake yi ba. Na taɓa yi.

Tun tasowarki kike tambaya me ya sa ba na yi wa kowa sobiya sai mu na gida, ko maƙwabta suka roƙa sai in ce aiki ya yi mini yawa. Ƙarya nake yi miki. Lokacin kina goye, kafin mu dawo unguwar Al-Sih, muna haya a Ƙuba, duk a nan Madina, ni kuma ina aiki a wani kantin magani a Aƙiƙ. A ƙofar ƙaramin masallacin unguwarmu akwai wani dattijo mai sayar da sobiya, Ammu Sale. Mutumin Damagaram ne, a bayan uwarsa ya zo ƙasar nan tun ana zuwa aikin Hajji a ƙafa. Hausarsa irin ta dā ce, rabinta Larabci. Sobiyarsa ta sha bamban da ta kowa a Madina, domin bayan hel da kirfa da kowa yake sawa, shi yana jefa citta da ɗan kimba, sai ka ji wani siririn ɗaci can ƙarshen harshe yana kashe zaƙin. Na dinga yi masa naci har ya yarda ya koya mini. Shi da tafin hannu da gwangwanin tumatir yake awo. Ni kuwa na zo da sikelin kanti da littafi, duk abin da ya ɗiba sai in tare hannunsa in auna in rubuta. Yakan yi dariya ya ce Dakta zai mai da sobiya allura. Wannan littafin ne kika kwafa.

Kuskurena na farko a kan kimba ne. Abokan aikina 'yan gida sun zo mini ziyara da iyalansu, na ce zan yi lita arba'in. Na ninka komai sau huɗu, kamar yadda kika yi. Abin da ya fito sai ka ce an jiƙa maɗaci. Baƙi suka kurɓa suka ajiye, wata ta tambayi Ummanki a ɓoye ko maganin shawara ne na haɗa musu. Da na kai wa Ammu Sale ƙara, ya ce ruwa da sha'ir su ake ninkawa, amma kayan ƙamshi ba sa bin lissafi, in tukunya ta girma sai su yi girman kai. Saboda haka ki tafasa kimbar da cittar daban a ƙaramar tukunya, ki tace ruwan, ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan a ƙarshe har ya kai inda kike so. Rabin abin da kika rubuta ma zai iya yin yawa. Abin da kika zuba ba ya ɗebuwa.

Wannan kunya kawai ya jawo mini, kuma da na tsaya a nan da sauƙi. Amma darasin da na ɗauka gurgu ne. Na ɗauka matsalar kimba ce kaɗai, tunda na gane ta, to na gama sanin babbar tukunya.

Azumin da ya biyo baya ciwon baya ya kwantar da Ammu Sale. Al'adarsa ce duk Juma'ar azumi shi yake shayar da masallacin sadaka, shekara da shekaru. Waccan Juma'ar kuma an gayyato ayarin 'yan Umara daga gida su sha ruwa tare da mu, ana sa ran mutum ɗari biyu. Na je na ce masa ya kwanta abinsa, ni zan yi. Ya yi murna, ya sa mini albarka, sannan ya ce in aiko a ɗauki robobinsa guda shida, in raba jiƙon a cikinsu kamar yadda yake yi. Na ce masa to. A raina kuwa na ce talauci ne ya sa shi wahala da robobi shida. Na sayo sabon duro shuɗi mai murfi da zobe, irin wanda a nan ake kira barmil, na wanke shi da tafasasshen ruwa sau uku, ina jin kaina kamar na kawo wa sana'ar ci gaba.

Ki karanta nan sau biyu. Ƙaramar roba tana shan iska, tana hucewa da kanta. Babban duro kuwa zafinsa yake riƙewa a ciki, gefensa ya yi sanyi a hannunki alhali tsakiyarsa tana aiki kamar an sa ta a wuta. Abin da yake ɗaukar kwana biyu a roba, a duro kwana ɗaya da wuni ya ishe shi. Ni ban rage ko awa guda ba, na bi littafi. Na kuma ajiye shi a ɗan ɗakin kwano da ke saman gidan, inda rana take dukansa tun hantsi. Na danne murfin na ɗaure zoben, wai tsafta, kada ƙura ta shiga. Sannan na yi babbar wautar. Ammu Sale ba ya zuba sukari sai ya tace, dab da za a sha. Ni kuma ina da aiki ranar Juma'a har azahar, sai na ce bari in rage wa kaina wahala, na juye sukarin gaba ɗaya tun safiyar Alhamis.

Ummi, ni mai haɗa magani ne. Na ci jarrabawa a kan abin da ke faruwa in sukari ya haɗu da tsami da ɗumi a rufe. Da ɗalibi ya tambaye ni a kanti da na ba shi amsa ido rufe. Amma ko sau ɗaya ban haɗa wancan karatun da duron da ke saman gidana ba, domin a wurina wannan abin sha ne na sadaka, ba abin cikin littafi ba. Ke ma karatun da za ki yi ke nan, shi ya sa nake ƙara jin tsoro. Ki nemi robobi, ko da aro ne a maƙwabta, kada kowace ta wuce lita ashirin da biyar. Ki rufe su da ƙyalle mai tsafta, ba murfi ba. Ki ajiye su a ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a gidan. Sukari kada ya kusance su sai kin tace. Kuma Kano ba Madina ba ce, wuta tana iya ɗaukewa wuni guda ba wanda zai ba ki haƙuri, saboda haka kafin ki jiƙa ƙwayar sha'ir ɗaya ki san wanda zai kawo miki ƙanƙara da ƙarfe nawa. In babu ƙanƙara, babu sobiya.

Duk waɗannan da na lissafa kuskure ne na hannu, kuma ana iya gyara su da abu ɗaya, wato ɗanɗanawa. Nan ne na faɗi.

Ammu Sale yana da wata ɗabi'a. Kullum bayan la'asar, da azuminsa a baki, sai ya tsoma ludayi ya taɓa da kan harshe, ya tofar, ya kurkure baki. Ni abin bai taɓa yi mini daɗi ba. Har na taɓa yi masa wa'azi, ni da aka haifa bayan ya yi furfura, na ce yana wasa da azuminsa. Ya ce malamai sun yi wa mai girki rangwame in bai haɗiye ba, kuma gara azuminsa shi kaɗai ya yi rauni da ya cuci ɗari. Duk da haka ban yarda ba.

Ranar Juma'ar, bayan la'asar, maƙwabta biyu suka hau sama su taya ni tacewa da juyewa a jarkoki. Ina kwance zoben, murfin ya yi tsalle da kansa, iska ta fito fuu. Kumfa ta taso har baki. Wani wari ya soke ni a hanci. Ɗaya daga cikinsu ya ce sobiyar Dakta da ƙarfinta, muka yi dariya. Ludayi yana hannuna. Abin da ya rage kawai in taɓa da harshe.

Shekaru na yi ina gaya wa kaina tsoron Allah ne ya hana ni, wai ba na so in ɓata azumi, kuma mutanen nan suna kallona, su da suke tura ni gaba in liman bai zo ba. Na kuma ce hancin mai azumi ƙarya yake yi. Gaskiyar ita ce na san in na ɗanɗana zan sani, in kuma na sani dole in zubar, saura awa biyu a sha ruwa, mutum ɗari biyu suna jira, ga sunan Dakta ya riga ya zaga unguwa. Sai na zaɓi kada in sani. Na ƙara hel, na cika ƙanƙara, muka sauke jarkoki.

Aka kira magariba. Na ci dabino, na ɗaga kofi. Kurɓar farko na gane. Ba shakka, ba wataƙila. Na duba sahu-sahu na mutane zaune a kan shimfiɗa, cikinsu wayam tun asuba, suna ɗaɗɗaka, wasu suna miƙo kofi a ƙara musu na biyu da na uku. Akwai tsofaffi 'yan Umara da suka tara kuɗin shekaru don su yi azumi a garin Manzo. Ko a lokacin da na miƙe na ce a dakata, da na rage ɓarna. Ban miƙe ba. Na ajiye kofina a bayan ƙafata, na shiga sahu na yi salla.

Ana sallamewa wani direban babbar mota, mutumin Sudan, ya miƙe tsaye. Kowa ya san ya yi rayuwa iri-iri kafin ya tuba, shi ya sa maganarsa ta yi nauyi. Ya ce da Larabci shi ya san wannan ɗanɗanon, shekara tara rabonsa da shi, kuma bai zaci a ɗakin Allah zai sake haɗuwa da shi ba. Wani tsoho ya dafe kai ya ce dama tun raka'ar farko yake jin ƙasa tana juyawa. Liman ya sa aka kawo jarka ya shinshina, fuskarsa ta canza. Ya tambaya wa ya yi.

Ke a nan aka haife ki, ba sai na gaya miki abin da ke samun baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, da aka ce ya haɗa giya a garin nan ba, balle mai lasisin magani, balle a azumi, balle a masallaci. Bulala ce da kurkuku da jirgin kora gida, kuma aikin ya tafi har abada. Maƙwabtan nan biyu suka sunkuyar da kai. 'Yan unguwa da yawa sun san ni na karɓi aikin makon nan, amma baƙi da liman abin da suka sani shi ne sobiyar masallacin ta Ammu Sale ce. Ni kuwa ba abin da nake gani sai ke a bayan Ummanki.

Ammu Sale yana kan kujera a ƙarshen sahu, an kawo shi don kada ya rasa taron. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ni ne, ya shaikh. Tsufa ya cinye mini harshe, ban ji ta juye ba. Ku yafe mini."

Ko kallona bai yi ba. Liman mutumin kirki ne, ya kashe maganar a cikin masallaci. Ya gaya wa mutane wanda ya sha bai sani ba babu komai a kansa, aka kwarara sauran a magudana, amma ya ce daga ranar kada a sake shigo da sobiya masallacinsa. Magana kuwa ba ta da shinge. Kafin azumi ya ƙare teburin Ammu Sale ya koma wurin da mata suke jan hannun 'ya'yansu in sun zo wucewa. Sana'ar shekara arba'in ta mutu. Ya koma sayar da asuwaki a kan tabarma. Waɗanda suka san gaskiya suka yi shiru, tunda mai abin ya yi shiru.

Bayan kwana uku na je gidansa ina kuka kamar yaro, na ce zan je in faɗa wa liman. Ya riƙe mini hannu ya ce, "Ya waladi, kai iƙama gare ka da jaririya. Ni ina da takardar ƙasa, kuma nan za a binne ni. Halas, bar shi." Na karɓi wannan magana da hannu biyu, saboda ita nake so in ji. Ya ba ni izinin yin shiru a makon da wuta take ci, ni kuma na mai da shi izinin shekara goma sha bakwai. Bayan wata shida ba wanda zai kore ni don na je na gaya wa liman a ɓoye. Na yi ta kai masa shinkafa da maganin baya, ina kiran abin kyautatawa.

Shekara biyar ya ƙara a duniya. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa zuwa Baƙi'a. Muna tafe sai na ji wani a bayana yana cewa, "Allah ya yafe masa abin nan na sobiya." Mutane suka ce amin. Ni ma na ce amin.

Ban hana ki cika alkawarinki ba. Sadaka ce mai kyau, kuma hannunki ya fi nawa. Amma ki fara gwada roba ɗaya kafin azumi ya kama, da ruwan Kano da zafin Kano, ki ga awa nawa take ɗauka, domin littafina Madina ya sani. Ranar da za a sha, ki ɗanɗana kowace roba da kanki, ki tofar, ki kurkure, ko matan layin gaba ɗaya suna kallonki. In kunya ta hana ki, ki nemi wadda ba ta salla a ranar ta kurɓa miki, amma kada wata roba ta fita ba a ji ta ba. In ta soki harshe, ko warinta ya hau hanci, ko kuwa zuciyarki ce kawai ta yi ɗar, ki zubar. Kada ki ce a ƙara ƙanƙara. Ki sa a jiƙa tsamiya ko a dafa zoɓo, mutane su yi gunaguni, gunagunin kwana biyu ne.

In kuma, Allah ya kiyaye, abin ya riga ya shiga bakin mutane kafin ki farga, to ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan takarda. Ki miƙe ki ce ke ce, kafin kowa ya buɗe baki. Na san Gwaggonki, yayata ce, za ta riga ki. Za ta ce a gidanta aka yi, ita ce babba, ke yarinya ce baƙuwa mai karatu a gaba. Za ta faɗa da zuciya ɗaya, kuma za ki ji sanyi ya ratsa ki. Kada ki karɓa. Ni na karɓa, kuma da shi na biya kuɗin makarantarki, da shi aka kira ni Dakta a garin nan har na yi furfura.

Ummanki ba ta san wannan labarin ba sai jiya da safe. Da na gama sai ta tambaye ni ko limamin yana da rai. Yana nan, ya tsufa ƙwarai. Yahaya, babban ɗan Ammu Sale, shi ma yana nan a gidan uban, kuma har yau in mun haɗu yana gode mini a kan shinkafa. In na sauke ki a filin jirgi ba gida zan koma ba, Ƙuba zan wuce, in same su bayan la'asar. Ban san abin da Yahaya zai ce mini ba, ban kuma san da wane ido za ki dube ni in kin dawo hutu ba. Ina tsoron duka biyun, ba zan ɓoye miki ba. Lokacin da kike karanta wannan layin, wataƙila ina tsaye a ƙofarsu.

Ki yi wa Ammu Sale addu'a da sunansa, matafiyi ba a mayar da addu'arsa. In da saura, ki sa da ni.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare miki addininki da mutuncinki, ya tsarkake abin da hannunki zai ba mutane. Ki gaida Gwaggonki da yaran gidan. Na bar ki a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam,
Babanki